Jajayen sulalla 500 a hannu: Gohan zan ɗauka ko 'yan GT?

Ɗan Gyallesu: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma don Allah a ɗauke ta da muhimmanci. Shekarata biyu da wata huɗu ina buga Dokkan, gem ɗin waya na Dragon Ball da ake jan katunan mayaƙa da duwatsu, ban taɓa sa ko naira ɗaya ba, duk dutsen da na ja da shi guminsa na yi. Jiya da daddare jajayen sulallana suka cika 500 cif. Kuɗin kati ɗaya ke nan mai matakin LR, mafi girma a gem ɗin, a shagon Baba inda ake musayar sulalla da katuna, daga nan in koma sifili. Biyu ne suka tsaya min a rai: Beast Gohan, da Goku da Vegeta masu Super Saiyan 4 na bikin cikar gem ɗin shekara 7. Na duba jerin matsayi guda uku a YouTube, biyu sun ɗora Gohan a sama, ɗaya ya ɗora su Gokun. Akwatin katunana kuwa 'yan Dragon Ball GT ne suka cika shi. Saura kwana shida a rufe shagon. Wanne zan ɗauka?

Sarkin Yaƙin Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Gohan. Biyu cikin uku sun riga sun ba ka amsa, me kuma kake jira?

Yaya Babba (Admin): Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da wannan haƙuri. Duk ja na katuna goma duwatsu 50 yake ci, sulalla 10 yake bayarwa, ka ga 500 na nufin duwatsu 2,500 sun bi ta hannunka ba tare da kuɗi ba. Ba kowa ke iya wannan ba. Amma ba zan ce maka komai ba sai na ga akwatin. Ɗauko hotonsa ka turo, LR da UR (matakin da ke ƙasa da LR) duka, ka jera su bisa rukuni.

Sarkin Yaƙin Sabon Gari: Yaya Babba, da girmanka, akwati bai canza gaskiya. Kati mai ƙarfi mai ƙarfi ne ko a akwatin wa yake. Gohan ɗin nan na bikin shekara ta 9 ne, 2024. Su Gokun na 2022 ne. Shekara biyu a Dokkan tazara ce babba. Kuma wanda ya taɓa shiga matakin da bos ke sakin babban duka a gurbin farko na katuna ukun da ke fitowa a kowane zagaye ya san darajar katin da zai tsaya a wurin ya shanye. Gohan yana tsayawa. In ka danna ikonsa na musamman, duk dukan wannan zagayen kansa yake komawa, sauran biyun su huta. Sau nawa wannan kaɗai ya cece ni? Ba zan iya ƙirgawa ba.

'Yar Wusasa: Sannunku. Sarkin Yaƙi, ka manta ba su Gokun 2022 ake magana ba yanzu, sun samu EZA, wato sabuntawar da ke ƙara wa tsohon kati ƙarfi. Katin da aka yi wa EZA sabon jini aka sa masa. Tsari ne ma da aka saba: katunan bikin shekara ta 5 sun samu nasu a bikin ta 8, na ta 6 a ta 9, na ta 7 a ta 10. Da tsohuwar zuma ake magani. Ni da su nake shiga yawancin wuraren da suka gagare ni a da.

Sarkin Yaƙin Sabon Gari: To ai kin kawo min hujja da kanki. In haka tsarin yake, Gohan ma nasa na nan tafe. Wanda ya ɗauke shi ya ci yau, ya kuma ci gobe. Su Gokun sun riga sun karɓi rabonsu.

'Yar Wusasa: Gobe ta Allah ce. Yaron nan yau yake son cin matakan da ke gabansa.

Na Samaru: Bari in sa baki, don wannan zancen jerin matsayi ya daɗe yana damuna. Ku tambayi kanku, wa ke haɗa jerin nan? Mutum ne da yake da kowane kati a gem ɗin, galibi kuma kowanne ya cika shi. Kun san kati in ba ka da maimaicinsa, ɓoyayyen ƙarfinsa a kashi 55 yake tsayawa. Maimai ɗaya ya kai shi 69, biyu 79, uku 90, sai na huɗu ya kai 100, abin da muke kira bakan gizo. Mai bidiyon nan da bakan gizo yake gwadawa, a ƙarƙashin jagoran da ya fi dacewa, da abokin haɗin da ya fi kowa, an kuma kai haɗe-haɗensu mataki na 10. Sai ya ga lamba ta tashi ya ce wannan ne na ɗaya. Bai yi ƙarya ba, a wayarsa haka ne. Kai kuma ɗan Gyallesu Gohan mai 55 za ka samu, shi kaɗai, ba wanda ya san shi a tawagar. Ba kati ɗaya kuke magana a kai ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Sannan ka duba ranar da aka ɗora kowane bidiyo. Ina kyautata zaton ukun nan ba wata ɗaya aka yi su ba. Jerin da aka yi kafin EZA da wanda aka yi bayansa ba za su taɓa faɗin abu ɗaya ba.

Ɗan Gyallesu: Wallahi ban lura da ranakun ba. Na koma na duba yanzu. Ɗaya daga cikin biyun da suka ɗora Gohan tsoho ne sosai, ɗayan kuma sabo ne.

Sarkin Yaƙin Sabon Gari: Ka gani, sabon ma Gohan ya ce.

Na Samaru: Ɗaya da ɗaya ke nan, an yi kunnen doki. Yanzu sai a koma akwati kamar yadda Yaya ya ce.

Ɗan Gyallesu: Ku yi haƙuri, an ɗauke wuta tun la'asar, wayar ta mutu. Na kawo ta caji bakin titi. Ga hotunan nan guda biyar na turo.

Yaya Babba (Admin): Na gani, na kuma zauna na duba su a tsanake bayan isha'i. Ƙanena, bari in yi maka bayani dalla-dalla, don na lura akwai sababbi a gidan nan da su ma zai amfane su.

A gem ɗin nan ba kati ake shiga yaƙi da shi ba, tawaga ce. Shida naka, na bakwai aron aboki. Ƙarfin kowa a cikinsu daga jagora yake fitowa, naka da na abokin. Idan jagora ya ce zai ƙara wa rukuni kaza kashi 170, duk wanda ba ɗan rukunin ba ne ba ya samun komai, haka zai shiga fili tsirara. Su Goku da Vegetan nan da kake magana, suna cikin katunan farko da suka zo da jagorancin kashi 200: 170 ga GT Heroes ko Fused Fighters, da ƙarin 30 ga wanda kuma yake cikin Kamehameha. Na ƙirga a hotunanka, kana da 'yan GT Heroes masu kyau sun fi goma, kana da Gogeta da Vegito iri-iri da ba ka ko tashe su ba, sun yi ƙura. Abin da ba ka da shi shi ne mai jan su. Gida ne cike da ma'aikata ba maigida.

Na juya ɓangaren Gohan. 'Yan Super Heroes nawa gare ka? Uku na gani, ɗaya ma SSR ne, matakin da ke ƙasa da UR, ba ka farkar da shi ba. In ka ɗauke shi, ko dai ka sa shi jagora ka cike tawagar da tarkace, ko ka cusa shi ƙarƙashin wani jagoran da bai kai ba.

Sai maganar haɗi. Haɗi ba ya aiki sai tsakanin katunan da ke maƙwabtaka a zagaye. Masu Super Saiyan 4 suna da Saiyan Roar a tsakaninsu, 'yan GT suna ba juna Ki, wato kuzarin sakin duka, ta haɗin GT. Kai kana da abokan zamansu har biyu. LR yana buƙatar Ki 12 kafin ya saki babban duka, 18 kafin ya saki mafi girman. LR ɗin da ba shi da mai ba shi Ki, sai ka gan shi yana ta ƙananan duka kamar ba shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni dai in ni ne kai, su Goku zan ɗauka. Ba don sun fi Gohan ba. Don kai sun fi maka amfani.

Sarkin Yaƙin Sabon Gari: Yaya, na ji bayaninka kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ga inda ban yarda ba. Kana gina masa shawara a kan akwatin yau, alhali akwati canzawa yake. Wata shida masu zuwa zai ja sababbin katuna, jagorori masu kashi sama da 200 suna ta fitowa, kuma jagora shi ne abin da ya fi saurin tsufa a gem ɗin nan. Ku tuna lokacin da jagoran kashi 120 yake sarki. Ina yake yau? Amma katin da ke shanye duka, ko jagorancinsa ya mutu, yana nan da amfaninsa a tawagar wani. Ni ina saye ne don shekara biyu, ba don sati biyu ba.

Yaya Babba (Admin): Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Ni tun 2017 nake ciki, na ga zamanin 120, na ga zuwan rukuni-rukuni, na ga Red Zone, jerin matakan nan masu tsanani, ta zo a 2022 ta kunyata katunan da muke taƙama da su. Abin da na koya shi ne, masu shanye dukan ma tsufa suke. Wanda yake bango bana, baɗi bos ɗaya zai zo ya ratsa shi. Ba wanda ya san akwatin wata shida. Na yau shi ne a hannunmu.

Mai Caji PZ: Ni tambayata daban ce. Ɗan Gyallesu, a zuciyarka wa kake so? Ba wanda ya tambaye ka wannan.

Ɗan Gyallesu: Oga, gaskiya Gohan nake so. Tun ina firamare, yayana yana kawo faifan Dragon Ball daga kasuwar Sabon Gari muna kallo a ɗakinsa. Faɗan Gohan da Cell na kalle shi ya fi sau ashirin. Yaro ne mai son karatu da ba ya son faɗa, sai an taɓa nasa. Yayan nawa ya rasu shekara uku ke nan. Bayan rasuwarsa ne ma na sauke gem ɗin.

'Yar Wusasa: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yaya Babba (Admin): Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa.

Sarkin Yaƙin Sabon Gari: Allah ya yi masa rahama, ƙanena.

Mai Caji PZ: Amin. To kun ji. Shi ya sa na tambaya. Mu duka nan ba lambobi ne suka kawo mu ba. Gem nawa ne a waya da suka fi wannan kyan hoto? Mun zo ne don mun taso da mutanen nan. Ranar da labarin rasuwar Akira Toriyama ya fito a watan Maris na 2024, a rumfata samari sun fi goma suka tsaya suna jimami, wani ma ban taɓa sanin yana kallo ba. Mutumin da ya fara zana labarin nan tun 1984 a Japan, ga shi ana alhininsa a PZ ta Zariya. Ni a wayata Piccolo ne ba ya fita daga tawaga, ko jerin wa ya jefa shi ƙasa. In na ga ya saki dukansa raina yana yin fari. Wannan ma riba ce, kuma ba mai bidiyon da zai auna maka ita.

Na Samaru: Oga Mai Caji, ban musa ba, so yana da hakkinsa. Abin da nake tsoro shi ne ya ɗauki Gohan don so, ya shiga da shi a tawagar da ba ta dace ba, a riƙa kashe shi a gabansa. Wannan ya fi ciwo a kan rashinsa. In yana son Gohan, ya kamata ya same shi a lokacin da zai iya yi masa gida.

Ɗan Gyallesu: To ga wata dabara da ta zo min. Ina da duwatsu 300 a ajiye. Gohan yana cikin fitattun rumfar jan katuna da ke buɗe a gem ɗin yanzu. In ɗauki su Goku da sulalla, in zuba 300 ɗin ko Allah zai sa Gohan ya fito. Ka ga na haɗa biyu.

Na Samaru: A'a, tsaya. Nan ne fannina, lissafi nake karanta a ABU, bari in buga maka. Ka shiga rumfar ka danna inda aka rubuta adadin damar fitowa, a fili suke. SSR gaba ɗaya kashi 10 ne, fitattun rumfar kuma kashi 5 suke rabawa a tsakaninsu. In su goma ne, kowanne rabin kashi ɗaya ke nan, wato ɗaya cikin 200 a kowane kati. Duwatsu 300 ja shida ne, katuna 60. Damar a ce Gohan ya fito ko sau ɗaya a cikin 60 ɗin nan kusan kashi 26 ce. Mutum huɗu in suka yi abin da kake shirin yi, uku za su tashi hannu rabbana. Kuma abin da mutane ba sa so su ji: in ka ja sau biyar bai fito ba, na shida bai san ka ja biyar ba. Damarsa tana nan yadda take. Babu wani "ya kusa fitowa".

Sarkin Yaƙin Sabon Gari: Ni a ja na biyu na same shi.

Na Samaru: Na yarda, kana cikin masu sa'a. Wanda ya samu shi ke turo hoto a gidan nan. Ukun da ba su samu ba shiru suke yi, shi ya sa kullum muke ganin kamar kowa na samu.

'Yar Wusasa: Ni ma ban goyi bayan taɓa 300 ɗin ba. Ka riƙe su sai babban biki. Gem ɗin a ƙarshen Janairun 2015 ya fara fita a Japan, shi ya sa bikin shekara yake faɗowa a wannan lokacin, sannan akwai na duniya baki ɗaya wajen ƙarshen Agusta. A irin waɗannan ne ake yin ja uku a ba ka na huɗu kyauta, kuma rumfunan cike suke da katunan kirki, ko ba ka samu sabon ba za ka fita da wani abu. Ni sau biyu kawai nake ja a shekara. Sauran watannin tarawa nake: labarin Quest, Boss Rush, ayyukan kullum, da fafatawar EZA da ke ba da dutse a kowane mataki har 30. Na ga a hotonka akwai katunan da EZA ɗinsu ke buɗe ba ka yi ba. Duwatsu ne zube a ƙasa.

Malamin Ƙofar Doka: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ina da 'yar magana, kuma ba fatawa zan bayar ba, ban kai nan ba, malamin makaranta ne ni kawai. Lissafin da ɗan'uwa Na Samaru ya kawo shi ne ya sa na ajiye sayen duwatsu shekara uku da suka wuce. Na zauna na tambayi kaina: in na ba da kuɗi, ban san abin da zan karɓa ba, wataƙila abin da nake so, wataƙila wanda ba ni da buƙata, mene ne sunan wannan a wurinmu? Zuciyata ba ta natsu ba. Ba mu kaɗai ke wannan tunanin ba. Kalmar gacha ɗin ma daga injinan Japan ta fito, waɗanda ake jefa sulai a murɗa, ƙwallon roba ya faɗo da abin wasan da ba ka zaɓa ba. A 2012 hukumar kare masu saye ta Japan ta hana wani nau'insa, wanda sai ka haɗa jerin katuna kafin a ba ka babban. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasanni caca ne a dokarsu. Wanda yake da shakka ya je ya tambayi malaminsa. Abin da ya sa na yi maganar, ɗan Gyallesu ya ce bai taɓa sa kuɗi ba. Ina roƙonsa ya tsaya a haka. Ranar da 300 ta ƙare Gohan bai fito ba, a ranar ne zuciya ke cewa ƙara kaɗan.

Sarkin Yaƙin Sabon Gari: Malam, ni ina saye lokaci-lokaci, daga albashina, kuma ina da iyaka. Wani kallon ƙwallo yake biya, wani shayi da ƙwai kullum dare. Ban ga na zalunci kowa ba.

Malamin Ƙofar Doka: Ban ce ka zalunci kowa ba ɗan'uwa, kuma ban sa ka a sahun kowa ba. Mai shayi dai ya san abin da za a zuba masa a kofi. Nan ne bambancin da ya dame ni. Amma kai baligi ne mai sana'a. Tsorona yaran da ke cikin gidan nan ne, akwai 'yan sakandare.

Mai Caji PZ: Malam ya taɓo inda yake min ciwo. Zan faɗa don wani ya amfana. Shekarar da ta wuce waccan, kuɗin da na ware don sarin caja da gilashin waya na taɓa. Na ce ja biyu kawai. Kafin asuba na cinye fiye da rabi, katin bai fito ba. Sati uku rumfata ba kaya, abokan ciniki suna zuwa suna komawa, na kasa gaya wa maiɗakina dalili. Ba wanda ya tilasta ni, da hannuna na yi. Tun ranar na cire katin banki daga wayar. Yanzu in na ga yaro a rumfata yana tambayar yadda ake sayen duwatsu, sai na zaunar da shi.

Yaya Babba (Admin): Allah ya mayar da alheri, Oga. Na gode da ka faɗa. Daga yau na ƙara doka a gidan nan: ba tallan sayar da duwatsu, ba tallan sayar da akawun. Wanda ya turo zan goge. Mu koma kan tambayar yaro.

Ƙanena, akwai abin da ba a faɗa ba: ɗaukar kati daban, renonsa daban. SSR za a ba ka. Sai ka bi taronsa ka tara lambobin farkarwa ka kai shi UR, ka sake tarawa ka kai shi LR. Babban dukan LR mataki 20 ne, in an yi EZA ya koma 25, ka ga kana buƙatar tsofaffin Kai da yawa, katunan da ake ɗaga matakin duka da su. Sannan ƙwallayen ɓoyayyen ƙarfi na launinsa. Su Goku PHY ne, masu ruwan lemo. Gohan STR ne, ja. Duba min, wanne kake da su da yawa?

Ɗan Gyallesu: Masu ruwan lemo sun taru sosai, ban cika amfani da su ba. Jajayen na kwashe su a kan wani Broly watan jiya. Kai kuma ina da 31.

Yaya Babba (Admin): To ka ga ko a nan ma. Su Goku za ka iya gama su a cikin satin nan. Gohan sai ya zauna jiran ƙwallaye.

'Yar Wusasa: Kuma ka riƙa tuna zagayen launi in za ka shiga da su. Shuɗi yana cin ja, ja yana cin ruwan lemo, ruwan lemo yana cin shunayya, shunayya tana cin kore, kore yana cin shuɗi. In bos ja ne, kada ka ajiye su Gokun a inda duka ya fi yawa.

Sarkin Yaƙin Sabon Gari: Kun taru kun rinjaye ni da yawa, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Ku rubuta ku ajiye: watan da zai shiga sabon mataki mai zafi, zai nemi wanda zai tsaya a gurbin farko ya rasa. A ranar zai tuna da ni. Abu ɗaya zan yarda da shi, maganar ƙwallaye. Gohan mara ƙwallaye ba Gohan ba ne.

Na Samaru: Ai matsalar gurbin farko gaskiya ce, ba wanda ya ce ƙarya ne. Sai dai akwai hanyoyin rage ta. Kayan taimakon nan Whis yana rage duka da kashi 40 har zagaye biyu, a matakan da aka yarda a shiga da kayan taimako. Kuma a hoto na uku na ga yana da katin da ke gocewa duka, bai dai tashe shi ba.

Ɗan Gyallesu: Na kwana ina tunani. Da asuba bayan na dawo masallaci na ɗauki su Goku da Vegeta. Hannuna har rawa yake. Duwatsu 300 ɗin ban taɓa ba, kuma in sha Allahu ba zan taɓa ba sai biki. Malam, na ji maganarka, ba zan sa kuɗi ba. Oga Mai Caji, ban bar Gohan ba. Na buɗe sabuwar tawaga na sa mata suna, na jera ukun nan da nake da su, na bar gurbin jagora ba kowa. Zan fara tara jajayen ƙwallaye tun yanzu. Ko shekara biyu zai sake ɗauka, zan jira shi.

Mai Caji PZ: Allah ya sa ka same shi tun kafin nan. In ka shigo PZ ka biyo rumfata in haɗa maka akawun ɗinka da Google. Wayoyi nawa aka kawo min sun mutu da gumin shekaru a ciki, ba hanyar dawo da shi.

Ɗan Gyallesu: Ban haɗa ba kuwa. Gobe in sha Allahu bayan azahar zan zo.

Ɗan Gyallesu: 'Yan gida, kwana uku ke nan, ga rahoto. Na kai su LR, na yi EZA, Kai ɗina saura bakwai. Matakan Red Zone biyu da suka hana ni barci tun bara na cinye su jiya, ɗaya ma ban taɓa Whis ba. Na uku kuwa sau huɗu ana kashe ni a wuri ɗaya. Bos ɗin yana sakin babban duka a gurbin farko tun zagaye na biyu, duk wanda na ajiye a wurin sai ya tafi da jinin tawagar gaba ɗaya.

Sarkin Yaƙin Sabon Gari: Abin da na faɗa ke nan. Amma ba lokacin wannan ba ne. Turo hoton tawagar yadda ka jera ta, da launin bos ɗin a kowane mataki. Na ci wurin nan da tawagar GT kafin in samu Gohan, akwai yadda ake yi.

'Yar Wusasa: Wane jagoran aboki kake ɗauka? In mai 55 kake samu, shi ma yana rage ka. Nawa suna da maimai biyu, 79 ne. Na sa su a gurbin aro yanzu. Turo min lambarka ta gem ta akwatin sirri in tura maka neman abota, sai ka sake gwadawa da daddare in an kawo wuta.